Kubbar Zinariya: garkuwar da ke ƙara wa duniya kibau

Ran 27 ga watan Janairu na shekarar 2025, mako ɗaya tak bayan komawarsa kan karagar mulki, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan wata dokar umurni wadda ta ɗora wa ma'aikatar tsaron ƙasar aikin kafa garkuwar da za ta rufe sararin samaniyar Amurka baki ɗaya, ta yadda duk makami mai linzami da aka harbo, daga ko'ina ya fito, za a kakkaɓo shi tun bai iso ba. Ran 20 ga watan Mayu na shekarar ya bayyana fasalin shirin, wanda aka raɗa wa suna Kubbar Zinariya, ya ce zai ci dala miliyar 175, kuma za a kammala shi kafin wa'adin mulkinsa ya cika. Ɗan kasuwar da ke Maraɗi ko ma'aikacin da ke jiran albashi a Tawa yana iya cewa wannan rigimar manya ce, babu ruwan talaka. To amma ƙasar da ake tonon yuraniyom a cikinta fiye da shekara 50 ba ta da damar cewa babu ruwanta da maganar nukiliya.

Gaskiya ɗaya ce, ko daga bakin wa ta fito: barazanar da Amurka ke magana a kanta ba ƙage ba ce. Koriya ta Arewa ta fice daga yarjejeniyar hana bazuwar makaman nukiliya a 2003, ta yi gwajin bam ɗinta na farko a watan Oktoba na 2006, sa'an nan ta sake a 2009, da 2013, da sau biyu a 2016, da kuma watan Satumba na 2017, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima sau da yawa. A cikin wannan shekara ta 2017 ta harba makaman da masana suka yarda suna iya kaiwa ƙasar Amurka, a 2023 kuma ta gwada wani mai aiki da daskararren mai, wanda ba ya bukatar dogon shiri kafin a harba shi. Sin ma ba ta zauna ba. Ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta cewa a tsakiyar 2024 tana da kawunan nukiliya fiye da 600, kuma za ta haura 1000 kafin 2030. Shugaban da ya ga haka ya naɗe hannu, mutanensa ba za su yafe masa ba. Saboda haka babu mai musun haƙƙin Amurka na kare kanta. Abin tambaya shi ne ko wannan garkuwa za ta kare ta, da kuma abin da za ta jawo wa sauran duniya.

Wannan tambaya tsohuwa ce, kuma an taɓa ba ta amsa. A watan Mayu na 1972, lokacin da gabar Amurka da Tarayyar Sobiyat ke kan ganiyarta, Nixon da Brezhnev suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar da ta taƙaita garkuwar makamai masu linzami: kowace ƙasa wuri biyu kawai za ta kare, daga baya a 1974 aka mai da shi wuri ɗaya. Ba ƙaunar juna ta sa su haka ba, lissafi ne. Sun gane cewa muddin ɗaya ya gina garkuwa, ɗayan zai ƙara yawan makamansa har su fi ƙarfin garkuwar, kuma ƙera makami ya fi ƙera abin tare shi arha. Sun kuma gane wani abu mafi haɗari: wanda ke ganin yana da garkuwa yana iya jarrabuwa ya fara kai hari, da tunanin cewa ɗan abin da ya rage wa abokin gabansa zai iya tare shi, wanda kuma ke tsoron haka zai ɗora yatsa kan kunama dare da rana. Wato garkuwar da aka yi don kwanciyar hankali ita ce ke hana kowa barci. Amurka ta buɗe wurinta ɗaya a jihar Dakota ta Arewa a 1975, ta rufe shi bayan ƴan watanni, don majalisarta ta ga asarar kuɗi ce.

A watan Maris na 1983 Ronald Reagan ya farfaɗo da mafarkin, da shirin da ƴan jarida suka yi wa laƙabi da Yaƙin Taurari. An zuba dukiya mai yawa, ba a kafa ko makami ɗaya a sararin samaniya ba. A watan Disamba na 2001 George Bush ƙarami ya ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar 1972, ficewar ta tabbata a watan Yuni na 2002, da hujjar cewa ƙananan ƙasashe masu taurin kai ake gudu, ba Rasha ko Sin ba. Daga 2004 aka fara girka makaman tarewa a Alaska da Kalifoniya, waɗanda adadinsu ya kai 44 a ƙarshen 2017. A gwaje-gwajen da aka yi musu, sun sami abin da aka auna a ɗan fiye da rabin lokutan, alhali gwaji ne da aka shirya, an san ranar, an san inda makamin zai fito. Direban da motarsa ke tashi sau ɗaya cikin biyu ba zai yarda ya ɗauki hanyar Agadas da ita ba, balle a ce ran miliyoyin mutane aka ɗora mata.

Dalilin wannan rauni ba ragwancin injiniyoyi ba ne, yanayin aikin ne. Makami mai cin dogon zango yana gudun kusan kilomita 7 a cikin daƙiƙa ɗaya, yana ƙetare teku cikin kamar rabin awa, saboda haka tare shi tamkar a harbi harsashi da harsashi ne. A can sama, inda babu iska, abu mai nauyi da maras nauyi tafiyarsu ɗaya. Mai harbi yana iya sakin balan-balan masu yawa tare da bam ɗin gaskiya, na'urar hangen ta rasa wanne za ta bi. Shi ya sa sabon shirin ke son a buge makamin tun yana tashi, cikin minti 3 zuwa 5 na farko, lokacin da wutarsa ke bayyane. Amma yin haka sai da taurarin ɗan adam masu ɗauke da makamai, su kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kewaya duniya suke yi; kafin a tabbatar da cewa akwai ɗaya bisa Koriya a kowane lokaci, sai an harba ɗaruruwa ko dubbai, kuma a riƙa sabunta su bayan ƴan shekaru. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar dokokin Amurka da kansa ya ƙiyasta a watan Mayu na 2025 cewa wannan ɓangare kaɗai yana iya cin tsakanin dala miliyar 161 da miliyar 542 cikin shekara 20.

Masu goyon bayan shirin suna kafa hujja da Isra'ila, wadda garkuwarta, Kubbar Ƙarfe, ke aiki tun 2011. Kwatancin bai yi daidai ba. An ƙera wannan garkuwa ne don tare ƙananan rokoki masu cin gajeren zango, a ƙasar da girmanta bai wuce rabin jihar Maraɗi da kaɗan ba, alhali Amurka ta ninka Nijar fiye da sau 7. Sa'an nan idan roka ɗaya cikin goma ta kuɓuce, gida ɗaya ne zai rushe. Idan bam ɗin nukiliya ɗaya cikin goma ya kuɓuce, birni ne ya tafi. Duk wanda ya yi karatun tarihi a lakwal ya san labarin ganuwar Majino, wadda Faransa ta kashe dukiya ta gina a kan iyakarta da Jamus, amma a 1940 sojojin Hitler suka kewaye ta suka shiga ta wata hanya.

Kewayen kuwa an riga an fara shi. Ran 1 ga watan Maris na 2018 Vladimir Putin ya gabatar wa majalisar ƙasarsa jerin sababbin makamai, har da wanda ke sauya hanya yana cikin gudu da wanda ke bi ta ƙarƙashin teku, ya kuma faɗa a fili cewa amsa ce ga ficewar Amurka ta 2002. Sin, wadda ta daɗe tana wadatuwa da ƴan makamai kaɗan, ta shiga tonon ɗaruruwan ramukan harbi a hamadarta, kamar yadda hotunan tauraron ɗan adam suka nuna a 2021. Ba garkuwar Amurka kaɗai ta jawo wannan ba, kowace daga cikinsu tana da nata burin, amma garkuwar ta ba su hujja. Lokacin da aka girka na'urar THAAD a Koriya ta Kudu a 2017, Sin ta huce haushinta a kan ƴan kasuwa: ta hana ayarin masu yawon buɗe ido zuwa ƙasar, ta rufe kantunan kamfanin Lotte da dama. A gefe guda kuma igiyoyin da ke ɗaure manyan suna ta tsinkewa. Yarjejeniyar 1987 kan makamai masu matsakaicin zango ta mutu a 2019. Ta 2010, wadda ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawuna 1550 kowace, Rasha ta dakatar da aiki da ita a 2023, wa'adin da aka ƙara mata kuma ya tsaya ga 5 ga watan Fabrairu na 2026.

Akwai kuma abin da garkuwa ba ta iya tarewa, wato darasin da ƙananan ƙasashe suka ɗauka daga halin manya. Kanar Gaddafi ya miƙa shirinsa na nukiliya a watan Disamba na 2003, a 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi, Sahel kuma har yau tana biyan bashin wannan rushewa. Yukiren ta sallama makaman da ta gada daga Sobiyat bisa alkawarin Budapest na 1994, Rasha ta ƙwace mata Kirimiya a 2014, ta mamaye ta a 2022. Iran ta sa hannu kan yarjejeniya a 2015, Amurka ta fice a 2018. Mahukuntan Koriya ta Arewa, waɗanda zaluncinsu a kan jama'arsu ba ɓoyayye ba ne, ba sa bukatar malami ya fassara musu wannan karatu. Muddin wanda ya ajiye makami shi ne ake ci, wanda ya riƙe kuma ake gayyatarsa taro, kamar yadda aka yi a Singapo a 2018 da Hanoi a 2019, to masu neman bam ba za su ƙare ba.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan labari. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bama-bamanta na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango ya fito. Ran 13 ga watan Fabrairu na 1960 Faransa ta fasa bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ta ci gaba da gwaje-gwaje a hamadar har 1966, abin da ya sa Gana ta riƙe kadarorin Faransa, Nijeriya kuma ta kori jakadanta a 1961. Nijar kanta ta ɗanɗana. A 2003 an yi amfani da takardun jabu da ke cewa ta shirya sayar wa Saddam Hussein yuraniyom, aka sa su cikin hujjojin yaƙin Iraƙi. Shugaban hukumar nukiliya ta duniya, Mohamed ElBaradei, ya shaida wa Kwamitin Sulhu ran 7 ga watan Maris cewa takardun ba na gaskiya ba ne, amma bayan mako biyu aka fara ruwan wuta a Bagadaza. Duk lokacin da tsoron nukiliya ya tashi, idon manya yana komawa kan Arlit, kuma tun da gwamnati ta mai da kamfanin SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025, tambayar wa ke sayen yuraniyom ɗin Nijar, kuma don me, ta ƙara nauyi.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ɗan kasuwa ya fi kowa ganewa. Dala miliyar 175 ta kai kusan miliyar dubu 100 na sefa, wato kasafin kuɗin Nijar na fiye da shekara 30. A shekarar da aka yi wannan alkawari, a cikinta aka rushe hukumar agajin Amurka ta USAID, wadda ke tallafa wa aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tamowa a ƙasashe da yawa. Kuɗin Amurka ne, ita ke da ikon yadda za ta kashe shi. Amma gasar makamai ba ta tsayawa a gidan wanda ya fara ta, kuma wanda ya ga yadda farashin taki da alkama ya tashi a 2022 saboda yaƙin da ake yi a nesa ya san cewa idan manya suka yi karo, buhun talaka ne ke ƙara tsada.

Hanyar da ta taɓa yin aiki sananniya ce. Ta hanyar yarjejeniya da binciken juna ne aka rage makaman nukiliyar duniya daga fiye da dubu 60 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kimanin dubu 12 a 2025, ba ta hanyar garkuwa ba. Ƙaramar garkuwa mai iyaka, wadda aka bayyana adadinta, don tare harbin kuskure ko na mahaukaci ɗaya, abu ne da ake iya tattaunawa a kai. Garkuwar da ke iƙirarin tare kowa kuwa, gayyata ce ga kowa ya ƙara makami. Ya wajaba Amurka da Rasha su koma kan tabarmar shawara, a jawo Sin, a kuma haramta kai kowane irin makami sararin samaniya, tun da yarjejeniyar 1967 makaman ƙare dangi kaɗai ta hana.

A nan Afirka tana da bakin magana, don ta riga ta yi abin da take nema ga wasu. Afirka ta Kudu ta wargaza bama-bamanta 6 da hannunta, yarjejeniyar Pelindaba da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 kuma ta mai da nahiyar yankin da babu makamin nukiliya. Sashe na 6 na yarjejeniyar 1968 ya ɗora wa masu makaman nauyin neman kwance ɗamara, kuma bashi ne da ba su biya ba. Wajibi ne jakadun Afirka su riƙa tuna musu da shi a kowane taro. Mahukuntan Yamai kuma, nasu aikin shi ne kowane tan na yuraniyom da ya bar Arlit ya fita a fili, ƙarƙashin idon hukumar nukiliya ta duniya, a san mai saye, a san abin da zai yi da shi, don kada wani ya sake samun kafar ɗora wa Nijar laifin yaƙin da ba nata ba.