A Daina Ɗora wa Kiɗa Laifinmu

Duk lokacin da wata waƙar rawa ta fito ta kama gari, akwai hukuncin da ake yanke mata tun kafin a gama sauraronta. A kan mumbari, a gidan rediyo, a majalisar dattawa ta bakin titi, maganar ɗaya ce: irin waɗannan waƙoƙi ne suka lalata tarbiyyar 'ya'yanmu, ba al'adarmu ba ce, daga waje aka turo mana, a hana su kowa ya huta. Maganar ta yi ƙarfi har wanda bai gamsu da ita ba yakan ja bakinsa ya yi shiru, don kada a ce yana goyon bayan baɗala. Ni ban gamsu da ita ba, kuma ina ganin wannan shirun yana cutar da yaran da ake cewa ana karewa.

Mu ɗauki waƙar da ta tayar da ƙura fiye da sauran. A shekarar 2020 Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi a Kano, ya saki "Jaruma". Lokacin annobar korona ta tsare mutane a gida. An rufe makarantu, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, Kano na cikin kulle tun tsakiyar Afrilu, ƙaramar salla ta zo a ƙarshen Mayu babu hawa babu shagali. Waƙar soyayya ce, namiji yana yabon macen da ta mallaki zuciyarsa, da kiɗa mai sa a kaɗa kafaɗa. Bidiyonta ya ƙara fito da sunan Momee Gombe. Sai mata, yawancinsu matan aure, suka shiga ɗaukar kansu a waya cikin kwalliyar salla suna taka rawa a gaban mazajensu, suna sakawa a Instagram da sauran shafuka. Kafin mako ya zagayo abin ya zama gasa, nan take kuma aka shiga la'anta da tsinuwa.

A nan Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, ba wani baƙo ne ya ɗauko mana waƙar ba. Duk wanda ya bi titin kamfanin siminti ya san yadda waƙa ke yawo. Tireloli na jere suna jiran lodi, a gefe ga rumfar mai cajin waya, wayoyi sun yi layi a kan katako, ga tsohuwar kwamfuta da yake tura wa mutane waƙoƙi a memori kan 'yan canji. Direba ya miƙa tasa, ɗan kabu-kabu ya miƙa tasa, yaron mota ya ce a sa masa "wadda ake yayi". A memori ɗaya za ka tarar da karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da Ɗanƙwairo, da Breaker. Mai wayar yana salla, yana ciyar da iyalinsa, kuma idan ya ɗauki hanyar Gusau ko Birnin Kebbi cikin dare waƙar ce ke hana shi gyangyaɗi. Wanda zai ce wannan mutum ya lalace saboda abin da ke cikin wayarsa, bai zauna da shi ba.

Batun cewa rawa baƙuwa ce a ƙasar Hausa shi ne mafi rauni a cikin hujjojin. Iyayenmu mata sun yi gaɗa a dandali da farin wata. An yi asauwara, an yi kiɗan kalangu a biki samari da 'yan mata suna rawa ana liƙi. Matan aure suna da kiɗan ƙwarya da amada a cikin gida ranar suna da ranar buki. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana rera wa mata waƙoƙin da suka taɓo kishi da haihuwa da jiki da sana'a ba tare da ɓoye-ɓoye ba, kuma kakanninmu sun taka rawarta. Mamman Shata yana da "A Sha Ruwa" da "Gagarabadau", waɗanda duk mai jin Hausa ya san abin da suka ƙunsa, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Yau muna kiran waɗannan mutane gwarazan al'ada, kuma sun cancanta. Abin da ba daidai ba shi ne mu wanke tarihinsu tas, mu mai da su waliyyai, don kawai mu samu sandar dukan yaran yanzu.

Ƙasar Sakkwato kuwa ita ce gidan kiɗa. Daga nan Ibrahim Narambaɗa ya fito yana yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Salihu Jankiɗi ya riƙe sarautar Sarkin Taushi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ɗan Anace ya sa sunan Shago a bakin duk mai son dambe. Gaskiya ne kayan kiɗan sun sauya, fiyano da kwamfuta sun maye gurbin taushi da kotso a situdiyo, kuma akwai ƙamshin finafinan Indiya a karin murya. To amma kakaki da algaita da muke alfahari da su a ƙofar fada, su ma ta hanyar Sahara suka iso mana. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15. Bahaushe ya saba karɓar abu daga nesa ya juya shi ya zama nasa, kuma abin da Breaker da Umar M. Shareef da Ado Gwanja suke yi ke nan.

Za a ce to ai magana ta addini ce. Na yarda, kuma a nan ne ya kamata a fi yin adalci. Malamai sun daɗe da saɓani kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta wasu sun sassauta. Ingantattun hadisai sun nuna an bar 'yan mata suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, kuma an ƙarfafa a yi nishaɗi a wurin aure. Abin da babu saɓani a kai shi ne haramcin batsa, da tsiraici, da kira zuwa ga alfasha. To a auna kowace waƙa da wannan ma'auni. Wanda ya ga baiti maras kyau a "Jaruma" ko a wata, ya fito da baitin ya faɗi aibinsa, mawaƙin ya kare kansa ko ya gyara. Amma a haɗa waƙar yabon mata da waƙar batsa a yi musu kuɗin goro saboda duka ana rawa da su, wannan ƙin yin aiki ne, ba tsoron Allah ba.

Sannan mu tambayi masu cewa a hana: hanin da aka yi a baya me ya haifar? An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Kano a 2001. A 2007, zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantar hukumar, an ɗaure Adam A. Zango wata uku kan bidiyon waƙoƙinsa na "Bahaushiya". Ya fito ya fi da farin jini, 'yan fim da dama kuma suka kwashe kayan aikinsu suka koma Kaduna. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. Labarin ya zagaya duniya, mutanen da ba su taɓa jin waƙar ba suka je nemanta, mawaƙi Akon ya gayyace ta Amurka. A 2022 wasu lauyoyi a Kano suka kai ƙarar Ado Gwanja da Safara'u da wasu gaban kotun shari'ar Musulunci, daidai lokacin da waƙoƙin Gwanja "Warr" da "Chass" ke tashe, amma ba a daina jin su a gidajen biki ba. A 2025 Hisbar Kano ta haramta sauraron "Amanata" ta shi Breaker ɗin. Shekara ashirin da 'yan kai ana abu ɗaya, sakamako ɗaya: duk waƙar da aka hana, an yi mata talla kyauta. A da ana iya kama kaset a kasuwa a ƙona. Yau waƙa tana tsallakawa daga waya zuwa waya a cikin aji, a cikin Keke Napep, a ɗakin amarya, babu jami'in da zai tsaya a tsakani.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda hukuncin ke faɗa wa a kai. A rawar "Jaruma", miji yana zaune a kujera yana murmushi, wani lokaci ma da yardarsa aka ɗauka aka saka, amma matar ce ta sha zagi, ita aka kira marar kunya, iyayenta aka ambata. A 2016 mace aka kora daga sana'arta. Haka kuma tsakanin mai kuɗi da talaka. Waƙar da ake tsine wa da rana, ita ce mai kiɗan na'ura ke sakawa da dare a manyan ɗakunan taro na Abuja da Kano da Sakkwato ranar bikin 'ya'yan manya, ana liƙi da sababbin kuɗi har ƙasa ta rufe. Lokacin zaɓe kuma mawaƙan nan ake ɗauka haya, a tara matasa a fili suna rawa da waƙoƙin da ke cike da zambo da cin mutuncin abokan hamayya, ba mai cewa tarbiyya ta lalace. Sai an zo kan bikin ɗan lebura a lungu ne doka ke tunawa da aikinta. Yara suna ganin wannan, kuma darasin da suke ɗauka shi ne laifi ba ya hawa kan mai hali. Wannan darasi ya fi kowace waƙa ɓata tarbiyya.

An bar jaki ana dukan taiki. Dandalin da 'yan mata ke gaɗa a da yana tsakiyar unguwa ne, iyaye na jiyo su, yayye na kusa, kowa ya san 'yar gidan wane ce, kuma akwai lokacin tashi. Mun rufe wannan dandali, wani wuri da sunan gyara, wani wuri saboda rashin tsaro, wani wuri an yanka filin an sayar. Ba mu buɗe wani a madadinsa ba. Sha'awar rawa da waƙa kuwa ba ta mutu ba, domin halitta ce. Sai ta koma cikin waya, inda babu uwa babu yaya, masu kallo kuma dubbai ne da ba a san su ba. Yarinyar da ta sa rawarta a TikTok ba ta ƙirƙiro sabon hali ba, wurin da muka bar mata ke nan. Uban da ya saya wa ɗan shekara goma sha biyu babbar waya bai taɓa duba abin da ke ciki ba, ba shi da bakin zargin wani mawaƙi a Kano.

Ba ina cewa komai lafiya ba ne. Akwai waƙoƙin da batsa ce tsagwaronta, an yi su ne don a ja hankali a samu mabiya. Akwai masu shirya bidiyo da ke amfani da talaucin 'yan mata, su sa su abin da bai dace ba kan kuɗi kaɗan, babu yarjejeniya a rubuce, in rigima ta tashi su zame su bar yarinya da abin kunya. Waɗannan laifuffuka ne na gaske, suna da masu aikata su, kuma ana iya kama su da suna da hujja. Yekuwar "a hana waƙa" ita ce ma ke ba su mafaka, domin idan kowa mai laifi ne, ba a tsayawa binciken kowa.

Akwai kuma batun abinci. Kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki tun 1967, kamfanin BUA ya ƙara sabon sashe a 2018 da wani a 2022, amma ko ya ninka haka ba zai ɗauke dukan matasan Wamakko da birnin Sakkwato ba. Waƙa guda da ta karɓu tana ciyar da mai situdiyo, da mai ɗaukar hoto, da mai tace bidiyo, da tela, da mai kwalliya, da mai kiɗan biki, har da mai rumfar cajin nan. Yaronmu mai murya yau sai ya tafi Kano ko Kaduna kafin a san da shi, alhali a ƙasarsa aka haifi Narambaɗa. Wanda muka kora da tsangwama ba ya daina waƙa, sai dai ya yi ta a inda ba mu da ta cewa.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Malamanmu su riƙa bambancewa a wa'azi tsakanin waƙar da ta ƙetare iyaka da wadda ba ta ƙetare ba, su kira mawaƙa su zauna da su kafin su hau mumbari da sunansu. Masana Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin Narambaɗa da Jankiɗi, su juyo da wannan ilimi kan waƙoƙin yau, Gidan Rediyon Rima ya ba su fili su feɗe sabuwar waƙa baiti-baiti, a yaba mai kyau a kushe maras kyau a gaban jama'a. Hukuma ta sa ido kan yarjejeniya da shekarun 'yan matan da ake sakawa a bidiyo. Masu unguwanni su bar mata su yi kiɗansu na biki a cikin gida cikin mutunci. Iyaye kuma su karɓi wayar yaransu su duba, su saurari abin da suke saurare, su yi musu magana. Wannan aiki ya fi tsinuwa wahala, kuma ba wanda zai yi mana shi in ba mu ba.