Ciwon baya mai sauka ga ƙafa: kada a sayar da akuya domin allura

Ran kasuwa, nan Guna, wani dattijo ya tsaida ni, yana ɗingishi. Ya ce: "Malamin gona, tun noman farko ciwo ya kama ni daga ƙugu har diddige. An ce akwai allura da ake yi cikin ƙashin baya. In sayar da akuyata in tafi?" Na ce: "Baba, dakata tukuna." Ga dalilina.

Tsakanin ƙasusuwan baya akwai ɗan matashi mai taushi. Duƙawa da ɗaukar kaya mai nauyi suna iya sa shi ya bullo, ya danne jijiyar da ke sauka ga ƙafa. Ga mafi yawan mutane ciwon yana lafawa da kansa cikin sati 6 zuwa 12.

Allurar nan ta kortizon ce, tana rage kumburin jijiya. A shekarar 2020 masana sun haɗa gwaji 25 da aka yi a kanta. Sun tarar sauƙin da take kawowa kaɗan ne, kuma na ɗan lokaci. Ba ta maida matashin wurinsa. Tana da haɗari kuma: a Amurka, a 2012, gurɓataccen maganin wannan allura ya sa wa mutum fiye da 750 cuta, fiye da 60 suka rasu. Can ke nan, inda kayan aiki suka wadata.

To, ina ga mai tallar magani a kasuwa? Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa wannan jijiya, ƙafa ta shanye. Kortizon kuma yana tada ciwon sukari da hawan jini. Kada ku miƙa bayanku ga wanda bai karanci aikin ba.

A ganina, a fara da likitar gari. A sha maganin da aka rubuta, a riƙa takawa kaɗan kaɗan, don doguwar kwanciya ba ta warkarwa. Wajen ɗaukar damen hatsi a durƙusa da gwiwa, baya a miƙe. Gonar maras lafiya kuwa, a kira mata gayya.

Amma in fitsari ko bayan gida yana zubowa ba da sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta rasa ƙarfi, a tafi Miriya ko babbar likitar Zinder ran nan. Haka nan in akwai zazzaɓi, rama da gumin dare, don tarin fuka yana kama ƙashin baya. In allura ta zama dole, likita ne zai faɗa, shi ne kuma zai yi ta.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.