Dakta, Haɗa Min na Ɗari Biyar

Daren Alhamis ɗin da ta wuce na tsaya a wani kyamis na unguwarmu zan sayi maganin sauro, sai ga wani magidanci ya shigo dafe da ciki. "Dakta, haɗa min na ɗari biyar, tun asuba nake zagayawa." Daktan nan, yaro ne da bai kai ashirin ba, bai tambaye shi ko da jini a bayan gidan ba, bai tambayi abin da ya ci ba. Ya ɓallo ja-da-yalo biyu, Flagyl biyu, da wata 'yar farar ƙwaya ta tashin zuciya, ya ƙulle a leda. Mutumin ya ce in ya isa gida zai kora da fura da nono. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ba wanda ya tambaye ni.

Mun ɗauki magani tamkar sabulu, jiki kuma tamkar riga. Shi ya sa bakinmu ba ya rabo da "dattin ciki" da "wankin ciki". Alhali ƙwaya ba wanki take yi ba. Kowacce akwai wata ƙofa guda a jiki da take zuwa ta toshe ko ta buɗe, kuma wanda ya san ƙofar ya san ranar da maganin zai yi amfani da ranar da zai yi ɓarna.

Ɗauki dangin fenisilin, wato Amoxil da Ampiclox da 'yan uwansu. Bakteriya halitta ce mai rai, kuma tana kewaye da ganuwa kamar tsohon birni. Duk lokacin da za ta girma ta rabu biyu sai ta ƙara gini. Fenisilin maginan yake kamawa, ya hana su ɗaure tubalin da juna, ganuwar ta yi rauni, ruwa ya kutsa, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba su da irin wannan ganuwa, don haka maganin yake wuce su. To, bairas ɗin da ke kawo mura ma ba shi da ita. Wanda ya sha Ampiclox don mura ya aika masu rusa katanga filin da ba a yi gini ba.

Ja-da-yalo, wato tetrasaikilin, shi cikin ƙwayar yake shiga ya tsayar da injin da take ƙera furotin da shi. Cipro kuwa hana ta warware zaren halittarta yake yi, ta kasa hayayyafa. Flagyl ba ya farkawa sai a cikin halittun da ke rayuwa inda babu iska, irin su amiba mai kawo atini. Yawancin gudawar da muke yi da kanta take tsayawa, abin da ke kisa a cikinta shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma maganinsa ruwan gishiri da sukari ne, a haɗa wa yara da zinc. Ga kuma zancen furar mutumina: kalsiyam ɗin da ke cikin nono kama tetrasaikilin yake yi tun a hanji, ya hana shi shiga jini. Wannan son kalsiyam ɗin ne ke sa ya rina haƙoran yaro, shi ya sa ba a ba wa mai ciki ko yaron da bai kai shekara 8 ba.

Kafso biyu ba ya gama yaƙi. Raunana yake kashewa, ya bar masu taurin kai su gaji filin, wasunsu har sinadarin da ke farfasa fenisilin suke fitarwa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi gargaɗi a kan shan abin da bai kai ƙa'ida ba tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bakteriya ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara.

Ita kuwa 'yar farar ƙwayar nan, rabin aikinta ba a ciki yake ba. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai ɗanɗana jini, in ya ji guba ya ba da umarnin amai. Maganin nan, wato Plasil, toshe kunnen wannan mai gadi yake yi ta hanyar tare sinadarin dofamin, sannan ya hanzarta tumbi ya tura abinci gaba. Sai dai dofamin ɗin nan shi ne kuma ke daidaita motsin jiki. Saboda haka wani lokaci, musamman ga yara da 'yan mata, bayan an sha sai wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya fito. Nan take gida ya rikice a ce iska ce ta taɓa ta. Ban hana kowa addu'a ba, amma a ɗauki ledar maganin a nufi asibiti, akwai allurar da ke warware abin cikin ɗan lokaci. Phenergan da Avomine, su ma magungunan tashin zuciya, ta ƙofar histamin suke bi, shi ya sa suke sa barci, shi ya sa kuma wasu iyaye ke ɗura wa jariri don ya bar su su huta. Ga yaron da bai kai shekara 2 ba, barcin na iya haɗawa da numfashinsa.

A cikin sauran magungunan kyamis, na sa fitsari shi ya fi burge ni. A kullum ƙodar babban mutum tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini, jarka tara ke nan ta mai ruwa, amma abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sauran duk mayar da shi take yi, kuma dabararta ɗaya ce: ta janyo gishiri, ruwa ya biyo shi. Lasix, maganin sa fitsari, hana ta janye gishirin yake yi a wani lanƙwasasshen sashe na bututunta, gishiri ya wuce, ruwa ya bi bayansa har mafitsara. Aikinsa yakan ɗauki kamar awa shida. Wannan doka ta ruwa da gishiri mun ga zahirinta a gida. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa, mai tarin sodiyam, da wankan ruwan zafi. Ga macen da ƙafafunta suka kumbura, huhunta ya tara ruwa, Lasix ceton rai ne. Ga wadda ta sha don ta rage teɓa kafin biki, ruwa ta zubar, kitsen yana nan daram. Kuma ba gishiri kaɗai ke fita ba, har da fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Mai hawan jini da ke shan Moduretic, wanda shi ma na sa fitsari ne, in azumi ya faɗo a zafin Afrilu, ya koma wa likitansa su tsara lokacin sha. Kada ya daina da kansa.

Maganin wankin ciki ba sai na ja shi ba, dokar ɗaya ce. Gishirin Andrews da laktulos zama suke yi a hanji su janyo ruwa, bayan gida ya yi laushi. Dulcolax da filasko tsikarar babban hanji suke yi ya yi ta matsa. Filaskon kakanninmu ma ba ya aiki sai bakteriyar babban hanji ta sarrafa shi, dalilin da ya sa a sha da dare a gani da safe, kuma waɗannan bakteriya, bayin Allah, su ne ja-da-yalo ke yi wa kan mai uwa da wabi. Ba dattin da ya fita, ruwa ne da fotasiyam. In kuwa ciwon cikin na afendis ne ko toshewar hanji, matsar da aka tilasta masa na iya fasa shi.

Ba na cikin masu cewa a rufe kyamis. A ƙauyuka da yawa shi ne asibitin, shi ne likitan. Abin da nake so shi ne hukumar da ke ba su lasisi ta tabbatar duk wanda ke tsaye bayan kanta ya san aikin ƙwayar da yake ɓallowa, ya kuma san tambayoyin da ake yi kafin a ɓalle ta. Washegarin wancan dare na koma kyamis ɗin na faɗa wa yaron haka. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Baba, wallahi gaskiyarka. Amma in na tsaya yi masa tambayoyi, shagon gaba zai tafi."