Kwikwiyo Ruwa Biyu: A Daina Cinikin Biri a Sama

Daga cikin kalmomin da suka fi burge ni tun da na fara nazarin Hausa akwai "ruwa biyu" da "barbarar yanyawa". Duka biyun suna nuni ne ga abin da ya fito daga tsatso biyu mabambanta. A wannan fitowa ina so in ɗauki kalmar farko in kai ta kasuwar karnuka, domin a garuruwanmu na Kudu sayar da 'yan kwikwiyo ya zama sana'ar matasa, har da wasu ɗalibai. Za ka ji mai talla yana cewa uban Alseshan ne, uwar kuma Rotuwaila, don haka ɗan zai haɗa basirar uba da ƙarfin uwa. Ra'ayina shi ne, wannan alkawari ba wanda ya isa ya ɗauke shi, kuma duk wanda ya biya kuɗi a kansa ya yi cinikin biri a sama.

Bari mu fara da yadda gado yake tafiya. Kowane kare yana da ƙunshin ƙwayoyin gado guda 78, waɗanda masana suke kira kuromosom. Yana karɓar 39 daga uwa, 39 daga uba. To amma ba mai kiwo ne yake zaɓar abin da zai shiga cikin kowane rabi ba. Shi ya sa a haihuwa ɗaya za ka ga wani kwikwiyo ya ɗauko gashin uba, wani ya ɗauko jikin uwa, wani kuma ya tsaya tsakani. Tun a 1866 Gregor Mendel ya nuna da gwajin da ya yi a kan wani nau'in wake cewa siffa tana iya ɓuya a 'ya'ya, sannan ta bayyana a jikoki. Saboda haka idan aka sake haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, bambancin da ke tsakanin 'ya'yan ƙaruwa yake yi.

Misali mafi shahara shi ne na karen da ake kira Labradudul, wato haɗin Labrado da Fudul. A 1989 wani mai kiwo, Wally Conron, yana aiki da ƙungiyar da ke horar da karnukan yi wa makafi jagora a Ostireliya. Wata makauniya daga tsibirin Hawai ta nemi karen jagora, amma jikin mijinta ba ya jituwa da gashin kare. Sai Conron ya haɗa Labrado, wanda ya ƙware a jagora, da Fudul, wanda gashinsa ba ya yawan zuba. Aka haifi 'yan kwikwiyo 3. Da aka gwada gashinsu da yawunsu, ɗaya ne kawai bai tayar wa mijin da ciwonsa ba. Ka ji fa, mai karatu: gwani ne ya yi haɗin, kuma da manufa, amma ɗaya cikin uku ne ya biya bukata. Da sunan ya yi kasuwa, sai masu neman kuɗi suka shiga haɗawa barkatai. A 2019 Conron da kansa ya bayyana nadamarsa kan ƙofar da ya buɗe.

Wani zai ce ai an san ruwa biyu ya fi lafiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wasu cututtukan gado ba sa fitowa sai ɗa ya karɓi ƙwayar cutar daga iyaye biyu, kuma haɗa jinsi biyu yana rage yiwuwar haka. Amma idan jinsunan biyu suna ɗauke da lalura iri ɗaya fa? Labrado da Fudul duka ana samun su da matsalar gaɓar ƙugu da wata cutar ido mai kai wa ga makanta, don haka ɗansu bai tsira ba. A 2024 masu bincike a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan sun kwatanta haɗe-haɗe uku na Fudul da jinsunan iyayensu a kan cututtuka 57. A kusan kashi 87 cikin 100 na kwatancen ba su ga wani bambanci ba. Ke nan ruwa biyu bai fi ba, bai kuma kasa ba.

Sai batun hali, wanda shi ne ya fi damuna, domin gidan da ke da ƙananan yara ba wurin gwaji ba ne. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma kuma shi ne ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya shafi karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa jinsi yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare. Idan jinsi guda bai ba da tabbaci ba, ina ga jinsi biyu? Halin uwa da uba, da irin renon da kwikwiyo ya samu a watanninsa na farko, su ma suna da nasu kason. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce kwikwiyo ruwa biyu abin ƙi ba ne. Abin da nake ƙi shi ne a sayar da suna a madadin kare. Ga shawarata ga duk mai niyyar saye. Ka nemi ganin uwar da idonka, da uban in da hali, domin gani ya kori ji. Ka lura ko uwar tana sakin jiki da baƙo. Ka shirya wa girman wanda ya fi girma a cikin iyayen, wajen abinci da wurin kwana. Ka tuna da zafin ƙasarmu kafin ka ɗauki mai jinin karen ƙasashen sanyi. Kada ka karɓi kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Sannan ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa alluran rigakafi, musamman ta ciwon haukan kare, wadda aka saba yi idan ya kai wata 3.

A ƙarshe, mu ɗaliban harshe mun fi kowa sanin yadda kalma mai daɗi take ɗaga farashin kaya. Karen gida da muke rainawa ya saba da yanayinmu, kuma ba ya zuwa da dogon kirari. Wanda aka saya saboda kirari, ranar da ya girma ya ƙi zama abin da aka yi alkawari, sau da yawa a ɗaure da sarƙa ko a titi yake ƙarewa, alhali laifin ba nasa ba ne. Mu tambaya kafin mu saya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.