Wa Ya Koya Wa Talaka Yanke Ƙauna?

Da wuya ka zauna a majalisa ba ka tarar da mai kashe wa mutane gwiwa ba. Ka ce za ka buɗe shago, ya ce kasuwa ta mutu. Yaro ya ce zai sake zana jarabawar shiga jami'a, ya ce masu digirin ma ga su can suna jan adaidaita sahu. Ana yi masa kallon mai hangen nesa, domin in abu ya lalace zai ce "ai na faɗa", in kuwa ya yi kyau babu mai tuna masa da maganarsa. Shi ba ya asarar komai. Wanda ya saurare shi ya fasa abin da ya yi niyya, shi ke biyan kuɗin wannan hasashe, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma ba na jin wa'azin "ku kyautata zato" kaɗai zai magance shi. Dalilina yana cikin abin da ya faru a gonakin Maraɗi da Damagaram.

Bayan farin da ya kai ƙololuwa a 1973, sai na 1984 ya biyo baya, wanda mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwarsa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Gonaki sun zama fili fetal. Iska na kwaso yashi ta binne shukar gero tun tana ƙarama, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. Mata na cin doguwar tafiya neman itacen girki, wasu su koma ga kara da kashin shanu. An kashe maƙudan kuɗi wajen renon dashe a raba wa ƙauyuka, akasarinsa ya mutu: wani rana ta ƙone shi, wani awaki suka cinye, wani gara ta gama da shi. Masana da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa hamada ce ke tafe, babu mai tare ta.

A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi. Shi ma a lokacin gwiwarsa ta yi sanyi da aikin dashe. Sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro a gefen gona, irin wanda kowa ke ɗauka ciyayi ne. Da ya matsa ya dubi ganyen, ya gane bishiya ce da aka sare, kututturen na tofo. Saiwar tana nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa, ta yi zurfin da babu dashen da zai kai cikin shekara da shekaru. Irin waɗannan kututture kuwa sun cika gonaki: kalgo, sabara, magarya, aduwa, gawo. Kowace bazara manomi na sare tofon ya ƙone wajen sharar gona.

Dabarar farfaɗo da su ba ta buƙatar ko sisi. Ka zaɓi rassa mafi ƙarfi daga tofon, kamar uku zuwa biyar, ka datse sauran da lauje ko gatari, ka bar su su miƙe. Manoma suka kira ta sassaben zamani, ko da yake kakanninsu sun san barin itace a gona tun kafin zuwan kowane baƙo.

Nan ne labarin ya fi jan hankalina. Da farko manoma sun ƙi. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa kusan dubu 500, amma da aka daina rabon sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Mai saurin hukunci zai ce jahilci ne ko taurin kai. Ni ban ga haka ba. Dokar gandun daji da aka gada daga Turawan Faransa ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati. Manomi zai reni gawo a gonarsa ta gado, ran da ya sari reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Kafin nan ma wani zai iya zuwa da dare ya sare ya tafi, ba shi da inda zai kai ƙara tunda ba nasa ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mummunan zaton wannan manomi ba daga zuciyarsa ya tsiro ba, rayuwa ce ta karantar da shi, kuma lissafinsa daidai ne.

Abubuwa biyu suka juya lamarin. Na farko, 'yan tsirarun da suka jure dariyar maƙwabta suka bar itatuwansu, sai aka ga gonarsu ta bambanta. Gawo kan zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Iska ta ragu, matar gida ta samu itace daga datse rassa, har da na sayarwa. Na biyu, hannun hukuma ya sassauta, har dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara amincewa da haƙƙin jama'a. A ƙauyuka irin Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da kansu, da manoma da makiyaya da mata a ciki. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da dashe ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, amma masu lauje na Magariya da Matamaye da Mirriya su suka yi aikin, da yawansu ma daga maƙwabci suka gani suka kwaikwaya.

Kyakkyawan zaton da nake karewa ke nan: wanda ke sa mutum ya durƙusa ya duba abin da ke da sauran rai, sa'annan ya ɗauki lauje. Akwai wani iri da ba na goyon baya, wanda ya kwashi jama'a zuwa shirin zuba kuɗi na MMM har aka rufe asusun mutane a Disambar 2016 a Najeriya. Wannan kwaɗayi ne da rufe ido, kuma duk wanda ya ƙone a cikinsa yakan dawo majalisa ya zama sabon mai kashe gwiwa. Addini ya hana mu ɗebe tsammani daga rahamar Allah, ya kuma umarce mu da riƙo da sababi. Wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai cika umarnin ba.

Saboda haka ƙorafina ya fi karkata ga masu iko fiye da mai surutu a majalisa. Shugaban da ke hawa mumbari yana cewa matasa su yi haƙuri gobe za ta yi kyau, ya fara tambayar kansa ko matashin zai ci moriyar abin da ya rena. Mai shagon da masu karɓar haraji kala-kala ke zagayawa, da manomin Zamfara da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa, da ɗalibin da ya ga an sayar da gurbin aikin da ya cancanta, dukansu suna zaune ƙarƙashin irin waccan tsohuwar doka ta gandun daji. Ba za su yarda da gobe don an roƙe su ba. Manomin Maraɗi ma bai daina sare tofo ba sai da ya tabbata cewa in gawon ya girma, shi da 'ya'yansa ne za su datsi reshensa ba tare da an kai su gaban hukuma ba.