Araha Ba Ta Ado: Batun Tayoyin Gwanjo

Sanin kowa ne cewa fashewar taya tana cikin manyan abubuwan da ke haddasa haɗarin mota a hanyoyin ƙasar nan. Duk da haka, mai saye yakan dubi zanen taya kurum, in ya ga bai suɗe ba sai ya biya. Wannan kuskure ne babba, domin taya ba dunƙulen roba ba ce, gini ce hawa-hawa, kuma lalacewarta daga ciki take farawa.

Ana haɗa danƙon itacen roba da robar da ake samu daga man fetur, a zuba wata baƙar hoda mai ƙara mata ƙarfi, wadda ita ce ke ba ta launinta. Sannan a sa farar wuta a gasa ta cikin mazubi, bisa dabarar da Charles Goodyear ya gano a Amurka a 1839. Kafin gashin, akan shimfiɗa zaruruwa masu ƙarfi daga baki zuwa baki, a ɗora ɗamarar wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin zanen, a kuma sa zoben waya a kowane baki don ya kama wili. Wannan tsari, wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946, shi ne na akasarin tayoyin yau.

Ƙarfin taya duka ya dogara ne ga mannewar roba da ƙarfe. Yau da gobe iska da zafi sukan busar da robar, ruwa kuma ya bi ta hujin ƙusa ya sa wayoyin tsatsa. Idan aka haɗa da ƙarancin iska, da lodi fiye da kima, da zafin kwalta a watan Afrilu, sai ɗamarar ta rabu da jikin tayar ana cikin gudu. Taya takan tsufa ko da tana ajiye a shago.

Abin takaici, ƙasar da ke noman roba a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba ta rasa manyan masana'antunta biyu: Michelin ya rufe ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙira a Ikeja a 2008. Tayoyin gwanjo kuwa sun cika kasuwanni, alhali doka ta hana shigo da na ƙananan motoci.

To, ina mafita? A jikin taya akwai jerin lambobi da ke farawa da haruffan DOT. Alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne lokacin ƙirarta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Akwai kuma harafin jure zafi, A ko B ko C, A ne mafi juriya, shi ya fi dacewa da yanayinmu.

Wajibi ne jami'an saye-saye na ma'aikatu su sa waɗannan sharuɗɗa cikin kowace kwangilar tayoyi, musamman na motocin asibiti da na makarantu. Hukumar Kwastam ta tsare iyakoki, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma ta kai wannan ilmi tashoshin mota cikin harshen da direbobi ke ji. Ɗalibai su ma su koya wa iyayensu karanta lambar. Kuɗin da aka rage wajen sayen tsohuwar taya ba zai fanshi rai ko ɗaya ba.