Rawar sitiyari: kafin ka zargi titi, tambayi wayarka

Kwanakin baya na shiga motar haya daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada. Muna kaiwa gudun kilomita 100, sai sitiyari ya fara karkarwa a hannun direba. Na ce, "Malam direba, lafiya kuwa?" Ya ce ai titi ne. Amma kwaltar wurin sumul take, kuma da ya rage gudu sai rawar ta lafa. A ganina wannan rashin balansin ne, kuma mun raina shi da yawa.

Nauyin taya ba ya zama daidai ta kowane ɓangare, musamman bayan faci ko idan ta hannu ce. Tayar ƙaramar mota tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya a wannan gudun, don haka ƙarin 'yan giram kaɗan a gefe guda ya isa ya riƙa dukan mota. Sakamakon shi ne taya ta cinye gefe-gefe, boris da shokozoba su gaji. Gyaran ba wuya: a ɗora tayar a kan inji, ya nuna inda nauyi ya gaza, a maƙala ɗan ƙarfe a jikin wili. Alaimen daban yake, shi ake yi idan mota tana ja gefe ɗaya.

Ni da nake rubuta manhaja, ba na yarda da "ina jin" sai na ga lamba. Wayarka tana da na'urar auna motsi, wadda ke juya allo idan ka karkata ta. Sauke Phyphox, manhajar kyauta daga jami'ar Aachen ta Jamus, ka ajiye wayar a ƙasan mota kana fasinja. Gargada tana zuwa a hargitse. Jijjigar taya kuwa tana maimaita kanta, tana sauri idan gudu ya ƙaru.

Direba zai ce kuɗin mai ma da ƙyar. Gaskiya ne, amma balansin bai kai kuɗin sabuwar taya ba, kuma babu mai so mota ta tsaya masa a dajin Falgore da magariba, a hanyar Doguwa. Idan an yi maka faci a Bebeji ko Kiru, to ka nemi injin balansin kafin doguwar tafiya. Waya nuni kawai za ta yi, gyara sai an je gareji.